Sada Magini a Sawakin

Shekara uku ko huɗu bayan sojojin yaƙin Bama sun dawo gida, akwai wani magini a unguwar Turaki cikin Jalingo, sunansa Sada. Ubansa Bakatsine ne da fatauci ya kawo shi ƙasar Muri, ya auri Bafillatana, ya zauna har Allah ya karɓi ransa. Sada bai gaji fataucin ba, ƙasa ya kama. Tun yana saurayi yake cuɗa ta yana murza tubali, har ta kai in ka bi daga Turaki zuwa Sintali da wuya ka wuce zaure biyar ba ka ga hannunsa a ɗaya ba. Mutum ne mai son kallon gini ƙwarai. In ya je Lau sayen gishiri, abokan tafiya na cikin kasuwa, shi kuwa sai a same shi a bayan kantin Turawa yana ƙwanƙwasa bango da yatsa, wai yana so ya ji abin da ke ciki.

Wata Laraba bayan la'asar kawunsa Manga Saleh ya aiko a kira shi. Manga Saleh yayan mahaifiyarsa ne, dattijo mai shanu da ke zaune a Yelwa. Sada ya same shi a gindin ɗorawar ƙofar gida da takardar ajami a hannu. Daga ɗansa Abbo ta fito, wanda ya yi gabas shekara shida da suka wuce ya zauna aikin auduga a ƙasar Sudan. Abbo ya ce in tsohon zai iya kawo kansa Sawakin, a bakin Bahar Maliya, cikin watan Rajab, zai tarye shi a can su haye tare zuwa Makka.

"Bingel am," in ji Manga, wato ɗana, don haka yake kiransa da Fulatanci tun yana ƙarami, "ƙafata ba za ta kai can ita kaɗai ba. Ina so ka raka ni. In ka yarda ma mu haye da kai."

Sada ya ce, "Kawu, rakiya kam zan yi, har bakin ruwan. Amma hayewa a'a. Ka san na yi wa Inna alkawari ba zan taka Makka ba sai tare da ita, ga shi bana ƙafafunta sun hana ta ko zuwa rijiya."

"To in ba za ka haye ba, me za ka samu? Wata biyu ne a hanya fa."

"Kallo, Kawu. In ga yadda mutanen wasu ƙasashe suke zaune, da abin da suke gini da shi."

Tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi. "Jama'a na tafiya neman lada, kai kana tafiya neman bango."

Da Sada ya koma gida ya gaya wa matarsa Balaraba, ba ta hana ba, amma ta tambaye shi abu ɗaya. "In an tare ni a gidan suna an ce ina maigidanki, in ce ya tafi hajji ne ko in ce ya tafi yawo?"

"Ki ce ya tafi rakiya."

Ta daka masa garin kunu da yaji, ta yi dambun nama ta cika ƙaramin tulu. Aka je ofishin En'e aka yi wa Manga fasfon maniyyata mai hoto, shi kuwa Sada aka ba shi takardar wucewa zuwa Sudan da dawowa. Ran Asabar da hantsi suka hau bayan motar gyaɗa mai zuwa Yola. Duwatsun Kona suka yi ta ƙanƙancewa a bayansu har suka ɓace.

Hanyar ta ci su yadda ta saba cin kowa. Daga Yola suka yi Maiduguri, daga can Fallomi, sannan Abashe, mota ta lalace nan, a jira wata can. Sun kwana tara a Jinaina kafin su sami mai ɗaukarsu. A Lubayya Sada ya fara ganin jirgin ƙasa, ya shiga da addu'a a bakinsa, bayan kwana biyu kuma har yana barci a ciki kamar a ɗakinsa. Ko'ina suka sauka sai ya taɓa bango. Yawanci ƙasa ce irin tasu, wata ja, wata fara, wata da kashin shanu a yaɓenta. Har ya fara cewa a ransa ashe duk duniya gini ɗaya ake yi.

Ran da suka cika kwana sittin da ɗaya jirgi ya sauke su a wata 'yar tasha a gindin wasu baƙaƙen duwatsu marasa ko ciyawa. Aka loda su a mota tare da wasu maniyyata, Barebari da mutanen Wadai, aka gangara gabas. Rana ta yi tsaka, zafi kamar a bakin maƙera. Sada na riƙe da kafaɗar kawunsa kada gargada ta kayar da shi, sai motar ta zagaye wani tudu, hayaniyar mutane ta yanke gaba ɗaya.

Da fari ya ɗauka sama ce ta sauko ta kwanta a ƙasa. Shuɗi ne tun daga hagu har dama, babu gaɓa a wancan gefe, babu itace, babu tudu, babu inda ido zai tsaya ya huta. Ya san Binuwai a Lau in ta cika da damina, amma ko a lokacin kana hango hayakin ƙauyukan ƙetare. Wannan kuwa ba shi da ƙetare. A bakin ruwan launin ya yi kore-kore kamar ɗanyen lemo, can ciki ya yi duhu kamar rinin baba na uku. A tsakiyar wannan shuɗin kuma ga wani gari fari fat a zaune, benaye a kan benaye, hasumiya biyu sun fito daga cikinsu, ruwa ya kewaye shi.

Wani Babarbare a gefensu ya ɗaga murya da kabbara, sauran suka amsa. Manga Saleh ya kama hannun Sada ya matse. "Wannan shi ne ruwan da Annabi Musa ya raba?"

"Shi ne aka ce, Kawu."

Leɓunan tsohon suka shiga motsi da addu'a.

Abbo na jiran su inda motoci ke tsayawa. Ya yi baƙi, ya yi ƙiba, ya sha farar jallabiya irin ta Larabawa, amma da ya ga ubansa ya durƙusa a cikin ƙura ya rungume gwiwoyinsa yana kuka da Fulatanci. Ba a ba su lokacin hira ba. Dokar Turawan da ke mulkin Sudan ita ce duk mai hayewa sai ya shiga karantina, wani fili da aka kewaye da waya a bakin ruwa, a yi masa lamba a hannu, ya kwana biyar likita na duba shi kafin jirgi ya zo. Ɗan sandan ƙofa ya duba fasfon Manga da na Abbo ya ce su shige. Ya duba takardar Sada, ya juya ta, ya mayar masa, ya nuna masa hanya da sanda.

Haka Sada ya tsinci kansa shi kaɗai da ƙunshin kayansa a garin da bai san kowa ba, kuma bai iya Larabci ba sai na salla. Ya bi wani lungu a ɓangaren garin da ke kan tudu, inda raƙuma ke durƙushe da salkunan ruwa, masu su dogayen mutane masu tulin gashi a kai da takobi a kafaɗa. Can ya ji ƙamshin waina. Ya bi ƙamshin har wata rumfar tabarma, inda wata tsohuwa ke zaune gaban tanda. Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta dubi hularsa.

"Sannu da hanya, ɗana. Daga wace ƙasa?"

Sada ya ji Hausa kamar an zuba masa ruwan sanyi. "Daga Jalingo, Inna. Ƙasar Muri."

"Ban san ta ba. Mu Zage-zagi ne, haka aka gaya mini. Zauna ka ci."

Sunanta Bara'atu. A goye aka fito da ita daga Zazzau shekarar da Turawa suka ci ƙasar Hausa, iyayenta suka shekara bakwai a hanya, ubanta ya rasu a nan Sawakin yana jiran jirgi, ita da uwarta suka zauna. Hausarta tsohuwa ce, da Larabci a cakuɗe kamar tsaki a cikin shinkafa. Da ta ji ba hayewa zai yi ba, kallo ya zo, sai ta ajiye cokalin juya waina ta ƙare masa kallo.

"Shekara arba'in ina sayar wa Takari, mutanenmu masu zuwa daga yamma, abinci a nan, kowa idonsa na kan jirgi. Ban taɓa jin wanda ya ce ya zo ganin garin ba. Mene ne sana'arka?"

"Magini ne ni."

"To Allah ne ya kawo ka. Gobe in na gama sayarwa ka zo."

Ta sa aka ba shi wurin kwana a zauren wani Bakano mai ɗinki. Washegari da hantsi ta yafa mayafi, ta ɗauko wani makulli mai tsawon tafin hannu, suka bi wata gada ta dutse da ta haɗa tudu da tsibirin, suka shige ta wata babbar ƙofa.

Tun daga gidan farko Sada ya rage sauri. Bangaye ne miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, hawa uku, wani hawa huɗu, lungunan da ke tsakaninsu ƙunci ne har inuwa ba ta barin su. Daga jikin kowane bene wasu tagogi na katako sun ɓullo waje kamar akwatuna a rataye, an sassaƙa su da ƙananan ramuka dubbai, babu biyu masu zane ɗaya. Bisa ƙofofi an yi ado da farar ƙasa, taurari a cikin taurari, wanda ya fi duk wani zanen zaure da ya taɓa gani. Amma babu kowa. Ba kukan jariri, ba ƙarar turmi. Kyanwoyi ne kawai manya-manya a kwance kan dakali, suna bin su da ido ba sa ko motsawa.

"Ina mutanen?" Sada ya tambaya, ya ji muryarsa ta yi ƙasa da kanta kamar a masallaci.

"Sun koma Bur Sudan. Turawa sun ce mashigar nan ta yi wa manyan jirage kaɗan, suka gina sabuwar tasha a arewa, fatake suka bi kayansu. Ina yarinya, ya waladi, ba ka iya ratsa lungun nan saboda raƙuma. Hindu, Turkawa, mutanen Yaman, kowa da gidansa. Yanzu jirgin alhazai kaɗai ya rage mana."

Gidan da take riƙe da makullinsa na wani attajiri ne da ta yi wa matarsa aiki. Suka hau matakala mai sanyi a ƙafa har hawa na uku. Ta tura murfin ɗaya daga cikin tagogin nan, sai Sada ya ga ashe cikinsa ɗaki ne ƙarami, mutum biyu sa kishingiɗa a ciki. Ya zauna. A waje rana na ƙona duwatsu, amma nan iskar teku na shigowa ta ramukan katakon a tace, sanyi-sanyi, haske kuma ya zubo a kan rigarsa ɗigo-ɗigo kamar zanen zabuwa. Ya ga duk wanda zai wuce a ƙasa, shi kuwa ba mai ganinsa. Ya shafa katakon. Baƙi ne, mai nauyi, gara ba ta taɓa shi ba.

"Daga ƙasar Hindu ake kawo shi," in ji Bara'atu. "Nan ko sandar kora kare ba ta tsiro."

Daga kan soro ya ga tsibirin duka, a kewaye kamar faifai. Ya ga masallatan biyu, ya ga jirage masu ƙyalle suna shawagi, ya hango wayar karantina da fararen tantuna a bayanta. Ya kuma ga abin da ba a gani daga ƙasa: gida ɗaya cikin uku ya fara zubewa. Na kusa da su bangon gabansa ya faɗi gaba ɗaya, ɗakuna a buɗe hawa bisa hawa, da 'yan kantocin da aka haƙa a bango don ajiye tangaran, har da ƙugiyar fitila tana lilo. Ya san abin da ake sha kafin a ɗaga bango kamu goma, balle wannan.

Da suka sauko ya tsaya a gindin gidan da ya faɗi ya ɗauki guntun dutse. A nan ne kansa ya ɗaure. Dutsen fari ne, amma bai kai nauyin da ya kamata ba. Jikinsa duk ƙananan ramuka ne a jere, kowane rami da zane a ciki kamar fure, kamar saƙar zuma da ta daskare. Ya juya shi, ya shinshina, ya kankare da farce.

"Inna, a wane dutse ake fasa wannan? Duwatsun da muka wuto baƙaƙe ne."

"Ba a fasa shi a tudu. A cikin ruwa yake tsirowa."

Sada ya yi murmushi, ya ɗauka wasa ne irin na kaka da jika.

"Ka ga murjanin da matanku ke sawa a wuya? To ɗan'uwansa ne. Yana da rai, yana girma. A yanko shi ɗanye, gatari na shigarsa kamar doya, in ya sha rana ya taurare. A ƙona wani ya zama farar ƙasar yaɓe. Duk garin nan daga teku aka tsamo shi."

"Inna, dutse da rai?"

"Ba zan yi musu da kai ba. Mijin 'yata masunci ne, sunansa Ohaj. Gobe da sassafe ya kai ka ka gani."

Ohaj siririn mutum ne baƙi, mai fararen haƙora, Hausarsa ba ta wuce kalma uku ba: sannu, zauna, duba. Bayan sallar asuba, gari ya waye tangaran, ya sa Sada a tsakiyar wani kwalekwale da bai fi na masuntan Lau girma ba, ya tuƙa suka bi doguwar mashiga suka fita fili. Sada ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ruwan ya kwanta lumui, ba iska. Da suka yi nisa har garin ya koma kamar tarin auduga a bayansu, Ohaj ya ajiye filafili, ya ɗauko wani gwangwanin kananzir da aka yanke gindinsa aka liƙa gilashi. Ya dulmiya gindin a ruwa, ya kama wuyan rigar Sada ya jawo shi.

"Duba."

Sada ya sa fuskarsa a bakin gwangwanin.

Daji ne a ƙasan ruwan, kuma gari ne. Wasu duwatsun sun yi rassa kamar ƙahonin barewa, dubbai, kan kowane reshe da ɗigon shuɗi. Wasu sun yi faɗi kamar faya-fayai an jera wani kan wani, inuwa a ƙarƙashin kowanne. Ga wani mulmulalle kamar rumbu, jikinsa da zane mai lanƙwasa irin na ƙwaryar Fulani, ba inda layin ya katse. Akwai ja, akwai ruwan ɗorawa, akwai wani launi tsakanin shuɗi da ja da bai san sunansa ba. Akwai ƙofofi da lunguna da bakuna masu lanƙwasa irin ɗaurin guga, kifaye na shiga suna fita kamar masu gida. Kifayen ma kamar an zauna an yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, wani rawaya da baƙin ratsi a ido, wani kore da baki irin na aku yana gutsurar dutsen, har Sada na jin ƙarar ta cikin ruwa, ƙaras, ƙaras. Kwalekwale na tafiya a hankali, abin na wucewa a ƙarƙashinsa ba ya ƙarewa. Can sai ƙasan ta yanke, bangon ya gangara tsaye cikin wani shuɗi mai duhu da ido bai ga iyakarsa ba, kuma har inda ya iya hangowa ginin na nan, hawa bisa hawa, ya fi benayen tsibirin zurfi nesa ba kusa ba.

Ya ɗago kansa, jiri na ɗibarsa. Ohaj ya yi dariya, ya tuɓe riga ya sulale cikin ruwa da wani ɗan ƙarfe, ya dawo da reshe guda ya ɗora masa a hannu. Yana da santsi kamar kuɓewa, yana ƙarnin kifi. Sada ya kawo shi kusa da ido. Ramukan nan ne da ya gani a dutsen jiya, amma yanzu a cikin kowanne akwai wani ɗan abu mai taushi, bai kai ƙwayar gero ba, yana janye kansa ciki.

Nan ya gane. Waɗannan 'yan halittu su ne maginan. Ba su da hannu, ba su da ido, ba wanda ya auna musu da igiya, kowanne ya gina ɗakinsa daidai jikinsa a kan na ubansa, har abin ya zama wannan. Shekara nawa ke nan? Tun kafin a kafa Jalingo, tun kafin Katsinar ubansa. Kuma duk a ƙarƙashin ruwa, inda ba mai wucewa ya ce sannu da aiki.

"Subhanallah," ya ce. Ya sake faɗa, ya sake. Ohaj ya daina dariya. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama, Sada ya gyaɗa kai. Suka zauna haka a tsakiyar ruwa, ba mai jin harshen wani, sai da rana ta fara cizo sannan Sada ya mayar da reshen cikin ruwa ya sake sa fuskarsa a gwangwanin. Sau huɗu Ohaj yana ɗaukar filafili yana ajiyewa saboda shi.

Da suka dawo Bara'atu ta miƙa masa kunu. Ya karɓa ya ce, "Inna, ki yafe mini musun jiya."

"Kowa sai ya yi shi. Ohaj ya ce a shekara guda dutsen bai fi faɗin yatsa yake ƙaruwa ba."

Sauran kwana biyun bai iya zama ba. Ya ga wata tsaga a bangon matakalar gidan da Bara'atu ke tsaronsa, ya ce a samo masa farar ƙasa. Ohaj ya kawo rabin buhu, Sada ya kwaɓa da yashi, ya zaɓo duwatsu daga kangon maƙwabta, ya sassaƙa su ya cike tsagar ya yaɓe. Ya san ba zai hana gidan faɗuwa ba. So yake kawai hannunsa ya san dutsen. Kullum da la'asar kuma yakan je bakin wayar karantina, Manga ya fito da hannu a kumbure saboda lamba, su gaisa daga nesa, ɗan sanda na tsaye a tsakani.

Ran na shida da hantsi jirgi ya shigo, baƙi, mai hayaƙi, ya cika mashigar har Sada ya ga kamar zai goge bangon gidajen. Aka buɗe ƙofar karantina, maniyyata suka fito a jere, da yawa sun riga sun ɗaura harami. Da ƙyar ya gane kawunsa, ba rawani, ba babbar riga, tsoho siriri cikin ƙyalle biyu. Aka bar su suka yi musabaha a bakin gada.

Abbo ya ce, "Sada, ko yanzu in ka ce kana so, na san wanda zai gyara maka takarda ka biyo jirgi na gaba. Kwana ɗaya ne kawai tsakaninka da Jidda."

Sada ya dubi gabas, inda ruwa ya haɗu da sama. Kwana ɗaya. Ya ji abin ya ja shi.

"Na gode, ɗan'uwa. Sai na zo da Inna."

Manga ya ɗora masa hannu a ka. "Useko, bingel am, na gode. Ka kawo ni. Zan kira sunanka da na Asta a gaban Ɗakin Allah." Asta ita ce mahaifiyar Sada.

Jirgi ya yi kuka ya fara ja da baya. Sai wani ya ɗaga talbiya daga samansa, mutum ɗari bakwai suka amsa da murya ɗaya, Barebari da Fulani da Hausawa da mutanen Wadai. Sautin ya bi kan ruwa ya shiga tsibirin, ya bugi bangayen gidajen da ba kowa ya dawo, har ka ce garin ne ke amsawa. Sada ya tsaya a wurin har hayaƙin ya zama zare, zaren ma ya ɓace. Bara'atu na gefensa tana share ido da bakin mayafi, ta ce duk shekara haka take yi, ba ta saba ba har yau.

Washegari ya yi sallama da ita da Ohaj ya kama hanya. Ya yi sa'a ya ratsa ƙasar Wadai kafin ruwa ya rufe hanyar mota, ya iso Jalingo an yi shuka, dawa ta kai gwiwa, Mumuye na shigowa kasuwa da sabon ganye. Ya tarar da Inna Asta ta ɗan sami sauƙi har tana fita tsakar gida da sanda. Mutane suka cika zaurensa kwana uku. Labarin jirgin ƙasa da na benaye kowa ya karɓa. Na dutse mai rai kuwa, wasu suka yi salati, wasu suka dubi juna, wani maƙwabcinsa ya ce zafin gabas ba ƙarami ba ne. Sada bai yi musu da kowa ba.

Manga Saleh bai dawo ba sai bayan kaka, da aka buɗe hanya. Ya zo da Abbo, da ruwan Zamzam a gwangwani, da dabino. Da 'yan barka suka ragu, Sada ya je Yelwa da hantsi ya zauna a gabansa ya ce ya ba shi labarin Makka da Madina. Tsohon ya ba shi, tiryan-tiryan, har azahar. Bayan sun yi salla aka kawo fura, sai Alhaji Manga ya gyara zama.

"Saura kai. Sau biyu ina bi ta Sawakin, tafiya da dawowa, ban ga komai ba sai waya da tanti da likita. Mutane na tambayata yaya garin yake, ina jin kunya. Me ke cikin fararen gidajen nan?"

Sada ya ajiye ludayi, ya share wuri a ƙasa da tafin hannu, ya zana da'ira da yatsa, ya ja mata layi ɗaya zuwa gefe.

"Wannan tsibirin ne, Kawu. Nan gada take. In ka shiga ta ƙofar, ka bi hannun dama."

Abbo ma ya matso da tabarmarsa. Suna nan a kai har aka kira la'asar.